"Yaro ya rasu a hannuna, ban ji komai ba": amsa ga wata ma'aikaciyar jinya

Assalamu alaikum Anti. Ni nas ce a wani asibitin gwamnati a Kano, na haura shekara goma ina aiki, ina da aure da 'ya'ya uku. Lokacin korona ina cikin waɗanda aka tura cibiyar killace masu cutar. Cikin azumi muka yi aikin nan, cikin rigar kariya, gumi har cikin takalmi. Na daɗe ban rungumi 'ya'yana ba, maƙwabta kuma suka hana yaransu shiga gidanmu. Ƙawata da muke buɗa-baki tare a wajen aiki ta kamu, ta rasu, ko gaisuwar mutuwarta ban samu zuwa ba. Har yau ina tunanin ko ni na shafa mata.

Da cutar ta lafa na ɗauka komai ya wuce. Sai mashaƙo ya ɓarke, aka mayar da ni ɗakin yara masu cutar, komai ya dawo min sabo. Yanzu da na hango ƙofar asibiti gabana yake faɗuwa, hannuna ya riƙa rawa. Barci ya ƙaurace min, idan na samu kuma sai mafarkin masu haki. Na fara shan D5, ƙwayar barcin nan ta dayazifam, da kaina, kusan kullum. A gida abu kaɗan na daka wa yara tsawa. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kwanaki wani yaro ya cika a hannuna, uwarsa tana kururuwa, ni kuwa ban ji komai ba, na cike takarda na wuce gado na gaba. Anti, ko zuciyata ce ta mutu?

Maigidana ya ce in ajiye aikin, ya gaji da ganina a haka. Hajiyarmu ta ce raunin tawakkali ne, in ƙara addu'a, ta kuma karɓo min rubutu. Matiron, shugabarmu a wajen aiki, ta ce babu ma'aikata, kowa haƙuri yake yi. Ina tsoron ganin likitan ƙwaƙwalwa kada a ce Sista ta haukace. Wani lokaci nakan ji da ma in kwanta kada in tashi. In ajiye aikin ne ko in daure?

'Yar'uwarku, daga Kano

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan ƙawarki, Ya jiƙan yaron nan, Ya saka miki da alheri a kan abin da kika tsaya kika yi a lokacin da mutane da yawa suka ja da baya.

Zuciyarki ba ta mutu ba. Wadda zuciyarta ta mutu ba za ta kwana tana tuhumar kanta don ba ta yi wa ɗan wata kuka ba. Idan mutum ya daɗe yana kallon mutuwa, kuma ba shi da damar tsayawa ya yi jimami saboda gado na gaba yana jiransa, ƙwaƙwalwa takan rage masa jin abin don ya iya ci gaba da tsayuwa da ƙafafunsa. Matsalar ita ce ba ta iya zaɓe. Idan ta dusashe baƙin ciki, sai ta haɗa da tausayi da farin ciki da ɗokin ganin yara. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan matsananciyar gajiya a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo yake haifarwa, ta kuma ba ta alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, jin nisa da aikin ko da mutanen da ake yi wa aikin, da jin cewa mutum ba ya iya taɓuka abin kirki. Na biyun nan shi kika gani a bakin gadon yaron.

Sai dai wasiƙarki ta wuce gajiya kawai, kuma gara in faɗa miki. Gajiyar aiki takan sassauta idan an samu hutu na gaske. Faɗuwar gaba da kin hango ƙofar asibiti, rawar hannu, mafarkin masu haki, da yadda ɗakin mashaƙo ya tono miki ɗakin korona, waɗannan sun fi kama da ciwon fargaba da kuma tabon da firgici yake bari a rai. Ba zan yanke miki sunan ciwo daga takarda ba, aikin likita ne wannan. Amma idan irin waɗannan alamomi suka wuce wata guda suna hana mutum barci da aiki, zaman gida kaɗai ba ya kawar da su. Shi ya sa tambayarki ta ƙarshe, in ajiye ko in daure, na ga ta zo kafin lokacinta. Duka biyun ba magani ba ne.

Ki tuna abin da kika ratsa, domin na lura kina ba da labarinsa kamar wani abu ne da ya kamata a ce kin karkaɗe kin wuce. An tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano ranar 11 ga Afrilun 2020. Kafin watan ya ƙare masu haƙar kabari sun fara kokawa da yawan gawa, manyan mutane suna ta tafiya a jere, aka rufe jihar da dokar kulle. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi ya gano mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana jin korona tana da hannu a ciki. A wannan yanayin kike fita aiki, babu rigakafi, babu tabbataccen magani, a ƙasar da alawus ɗin haɗari na ma'aikacin lafiya ya yi shekaru yana naira 5,000 a wata. Tsoron da kika ji yana da dalili: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 da 180,000 ne cutar ta kashe a duniya daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021. Wani bincike da aka yi kan ma'aikata 1,257 a asibitoci 34 na ƙasar Sin a farkon annobar ya nuna kusan rabinsu suna da alamun ciwon damuwa, kimanin kashi 45 cikin ɗari suna da fargaba, kashi ɗaya cikin uku ba sa samun barci, kuma abin ya fi tsanani ga mata da ma'aikatan jinya da waɗanda ke gaba-gaba. Wato irinki. Kada kuma ki yi mamakin yadda ya jira sai daga baya ya kama ki. Mutane da yawa suna tsayawa daram a tsakiyar bala'i, sai ƙura ta lafa, ko wani abu mai kama da na farko ya zo, sannan jiki ya nemi bashinsa. Yaro mai mashaƙo da numfashi ya sarƙe masa a maƙogwaro, ai sautin da kunnenki ya riga ya sani ne.

Abu biyu a wasiƙarki ba sa jiran wata mai zuwa. Na farko maganar nan ta "da ma in kwanta kada in tashi". Na ji ta, kuma ba zan tsallake ta ba. Sau da yawa irin wannan furuci yana nufin mutum ya gaji har yana fatan komai ya tsaya, amma ke ma kin san idan majinyaciya ta faɗa miki haka ba za ki bar ta ta tafi ba sai kin ƙara tambaya. To ni ma ina tambayarki: tunanin ya taɓa kai wa ga yadda za ki cutar da kanki? Idan ya kai, ko ya fara kusantar haka, yau ɗin nan ki faɗa wa maigidanki ko wata 'yar'uwa da kika yarda da ita, ki miƙa musu magungunan da ke hannunki, ku tafi asibiti tare, kada ki kwana ke kaɗai da wannan tunani. A Amurka akwai wata likitar sashen gaggawa a birnin Niyok, Dakta Lorna Breen, wadda ta yi aiki a tsakiyar korona, ta kamu, ta koma aiki, sannan ta kashe kanta a watan Afrilun 2020. 'Yan'uwanta sun ce abin da ya fi damunta shi ne kada neman taimako ya ɓata mata suna ya taɓa lasisinta. A 2022 aka yi doka da sunanta don kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatan lafiya. Tsoron da ya rufe mata baki shi ne kika rubuto min.

Na biyu ƙwayar barcin. Ba sai na koya miki aikin dayazifam ba, kin fi ni sani. Amma wanzami ba ya son jarfa, kuma ma'aikacin lafiya ya fi kowa iya ba kansa uzuri. Idan an yi makonni ana sha kullum jiki yana sabawa, adadin jiya ya daina isa yau, barcin da take kawowa ba ya wartsakar da mutum, kuma tana rage kaifin hankali a wajen da kike auna wa ƙananan yara magani. Kada ki yanke ta lokaci ɗaya, domin hakan yana iya ninka fargabar, a wasu ma har ya kawo jijjiga. Ki faɗa wa likita ainihin adadin da kike sha da tsawon lokacin, ba tare da ragewa don kunya ba, shi zai tsara miki yadda za ki sauka a hankali.

Batun asiri kuwa, ba dole ba ne ki buɗe kati a asibitin da kike aiki. A Kano akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, idan kuma kin fi son inda babu idon sani, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, wasu likitocin kuma suna ganin mutane a asibitoci masu zaman kansu. Idan kalmar ƙwaƙwalwa ce take miki nauyi, ki fara da likitan iyali. Ki nemi a duba jininki ko ya yi ƙasa, a duba hawan jini da sukari da aikin tayirod da ke cikin wuya, don dukansu suna iya kawo bugun zuciya da kasala. Akwai gajerun takardun tambayoyi, ɗaya mai tambaya tara kan damuwa, ɗaya mai bakwai kan fargaba, waɗanda ake cikewa cikin mintuna kaɗan, su nuna inda mutum yake. Magani yana iya zama zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan'adam, ko ƙwaya, ko duka biyun. Magungunan damuwa na yau ba sa bugarwa irin D5, amma sukan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsu, don haka kada ki yar da su a mako na biyu. Ki kuma sani cewa tun Janairun 2023 Najeriya tana da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ta hana nuna wariya ga ma'aikaci saboda irin wannan lalura. Bakin mutane bai kamo dokar ba tukuna, na sani. Amma masu gulma ba su za su yi miki renon 'ya'ya ba idan kika faɗi.

Maigidanki ban ga laifinsa ba. Mutumin nan ya ga matarsa tana fita cikin annoba tana dawowa, shi ma ya kwana da tsoro, yanzu kuma yana ganinki kina ƙarewa a gabansa. Namiji idan ya rasa yadda zai yi da ciwon matarsa yakan nemi abin da zai tsige gaba ɗaya, kuma aikin ne yake gani. Ina zargin ma bai san rabin abin da kika rubuto min ba. Ya san tsawa da rashin barci, amma ya san da mafarkin? Ya san da ƙwayar? Ki zaɓi lokacin da yara suka yi barci ki ba shi labarin yadda kika ba ni. Ki ce masa kin ji maganarsa, ba ki yi watsi da ita ba, amma kina roƙon ya ba ki wata uku kina karɓar magani kafin ku yanke hukunci tare. Sannan ki ba shi aikin yi, don mai son taimako idan ba a nuna masa inda zai kama ba sai ya koma faɗa. Ya raka ki ganin likita karon farko. Ranar da kika sauko daga aikin dare ya san yadda za a yi da yara da girki, ko a kai su gidan Hajiya, ko a samo wata 'yar'uwa, ki samu barcin awanni a jere. Ku kuma zauna da lissafi a gabanku: idan albashinki ya tsaya, kuɗin makaranta da cefane za su ishe ku? Talauci ma yana da irin tasa fargabar. Yaran kuma, idan kin yi musu tsawa kin huce, ki kira su ki ce Umma ba ta da lafiya ne, ba laifinsu ba ne. Yaro yakan ɗora wa kansa laifin fushin uwa idan ba a faɗa masa ba.

Hajiya kuma kada ki yi jayayya da ita. Abin da take da shi ta ba ki, kuma addu'ar uwa ba abin rainawa ba ce. Ki karɓa, ki gode, ki ci gaba da azkar ɗinki. Inda ban bi ta ba shi ne kiran abin raunin tawakkali. Wadda ta shiga ɗakin masu korona da azumi a bakinta tana sane da cewa tana iya mutuwa, ban san wa zai koya mata tawakkali ba. Lokacin da Salmanul Farisi ya tarar da Abud Darda'i yana azabtar da kansa da azumi da tsayuwar dare, ce masa ya yi Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowa haƙƙinsa, kuma Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu. Idan ibada ma ana ce wa mutum ya sassauta, ina ga dutin asibiti? Ki ce wa Hajiya likita ya ce jijiyoyinki sun gaji saboda aiki, za ki haɗa maganinsa da addu'arta. Iyaye da yawa suna karɓar magana idan ba a nuna musu nasu ƙoƙarin banza ba ne.

Matiron gaskiya ta faɗa da ta ce babu ma'aikata. A farkon 2024 magatakardan hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ya ce sama da ma'aikatan jinya 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Duk wanda ya tafi, aikinsa a kan irinku ya faɗo, ita ma matiron tana cike jadawalin aiki ne da hannu biyu inda ake buƙatar goma, kuma ba mamaki ita ma ba ta barci. Amma ƙarancin ma'aikata ba ke kika jawo shi ba, kuma ba da lafiyarki za a biya shi ba. Ni dai ina jin haushin yadda muka iya kiran ma'aikatan lafiya jarumai a rediyo, mu kuma kasa ba su safar hannu da ranar hutu. Kada ki ƙara zuwa mata da kuka a baki a tsakiyar aiki, a nan ne "kowa haƙuri yake yi" yake cinye magana. Ki je da takardar likita, ki rubuta buƙatarki a takarda, ki ajiye kwafi. Ki nemi abin da za a iya yi: hutun rashin lafiya gwargwadon yadda likita ya rubuta, hutunki na shekara idan ya taru, sauyi daga ɗakin masu cututtuka masu yaɗuwa zuwa sashen marasa lafiya masu zuwa su koma ko wajen awo ko rigakafi na wasu watanni, da rage aikin dare a jere. Ki nuna mata ribar da ke ciki: nas da ba ta barci ita ce mai kuskuren allura, kuma gara a rasa ki wata biyu da a rasa ki gaba ɗaya. Ba lallai ne ta san sunan ciwonki ba, takardar likita ta wadatar. Idan ta toshe kunne, akwai shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin, akwai wakilin ƙungiyarku ta ma'aikatan jinya da ungozoma. Kuɗin ƙungiya da ake cire miki duk wata ai don irin wannan ranar ne.

Ƙananan abubuwa ba zan ja su da tsawo ba, kin san su. Ki rage shayi mai kauri da kofi da goro idan an doshi ƙarshen duti, ki duhunta ɗaki ki kashe waya idan za ki yi barcin rana, kada ki yi ta bibiyar labaran mace-mace a WhatsApp kina kwance. Idan gabanki ya fara faɗuwa a bakin ƙofar asibiti, ki tsaya, ki ja numfashi a hankali, ki fitar da shi a hankali fiye da yadda kika ja, na 'yan mintuna. Ba zai warkar da ke ba, amma zai shigar da ke ciki. Wanda ya fi su duka amfani shi ne ki nemo mutum biyu ko uku cikin waɗanda kuka yi cibiyar killacewa tare, ku riƙa zama ko da sau ɗaya a wata. Za ki sha mamakin mutum nawa ne suke irin mafarkinki suna ɗauka su kaɗai ne.

Ƙawarki. A lokacin da cutar ta game gari, tana kasuwa, tana masallaci, tana cikin ɗakin da kuke aiki ku duka, babu wani gwaji da zai nuna daga wa ta ɗauka. Kin ɗora wa kanki shari'ar da ba ta da shaida, kin kuma yanke wa kanki hukunci. Ina ganin abin da yake cin ki har da gaisuwar da ba ki yi ba. Kulle ya hana mutane da yawa zaman makoki, mutuwar ta tsaya musu a wuya ba ta wuce ba. Ta'aziyya ba ta tsufa. Ki shirya ki je gidansu, ki gaishe da mahaifiyarta ko 'ya'yanta, ki ba su labarin yadda take aiki da yadda kuke buɗa-baki, domin wataƙila babu wanda ya taɓa ba su labarin kwanakinta na ƙarshe a bakin aiki. Ki yi mata sadaka. Idan kuka ya zo a can, ki bar shi ya zo. Idan kina jin ziyarar za ta yi miki nauyi yanzu, ki bari sai kin fara ganin likita, ki kuma tafi da wata.

Idan wata ukun suka cika, barci ya dawo, kika duba kika ga har yanzu ranki ba ya son gefen gado, to ki bari ba tare da jin kunya ba, kin yi naki. Amma ko a lokacin ba ƙofa ɗaya ba ce. Akwai hutu ba albashi, wanda yake bar miki gurbinki. Akwai hutun ƙaro karatu. Akwai koyarwa a makarantun jinya, da aikin lafiya matakin farko, da asibitin makaranta ko na ma'aikata, da sashen hana yaɗuwar cututtuka inda abin da kika koya a 2020 yake da daraja. Kafin ki sa hannu a kowace takarda ki je ofishin ma'aikata ki tambayi abin da kowanne zai yi wa fanshonki da ƙarin girmanki, kuma kowanne kika zaɓa ki ci gaba da sabunta lasisinki. Ganin likita dai a cikin makon nan za ki yi shi, tun kafin maganar matiron da ta Hajiya. Allah Ya ba ki lafiya, ƙanwata.